Kwantacce Ko Mannewar Mahaifa?

Da farko ina neman gafarar malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, musamman maza daga cikinsu, domin maganar da zan kawo a wannan fitowa ba irin wadda aka saba gani ba ce a mujallar ƙungiyarmu. Mun saba da sharhin waƙa da wasan kwaikwayo da tarihin garuruwa. Ni kuwa maganar ɗaki zan fito da ita tsakar gida, irin wadda mata kan sassauta murya in za su yi ta. Na san kunya ado ce ga ɗiya mace, amma akwai inda yin shiru yakan zama cuta. Ciwon da zan yi magana a kansa ya ci wa yayata shekara biyar, alhali kuwa likitoci sun san shi, sun kuma san yadda ake aikinsa. Abin da ya hana mu zuwa wurinsu da wuri shi ne sunan da aka sa wa ciwon a gida. Tun da yake suna da ma'anarsa su ne sana'armu a wannan sashe, ina ganin maganar ta shafe mu kamar yadda ta shafi 'yan'uwanmu masu karatun likita.

Mu mutanen Bakura ne. Wanda ya san hanyar Sakkwato zuwa Gusau ya san Talata Mafara tana wajen tsakiya, Bakura da Maradun kuwa maƙwabtanta ne. Ruwa ɗaya muke noma da shi, watau na madatsar Bakolori wadda aka gama ginawa a 1978, kasuwa ɗaya muke ci ran Talata, kuma muna auratayya tun kaka da kakanni. Ta haka ne a 2017 aka kai yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, wani ƙauye a ƙasar Maradun. Ni a lokacin ina 'yar makarantar sakandare, ni ce ma 'yar zaman ɗakinta.

Da daminar 2018 ta sami ciki. Yana wata uku sai ta yi ɓari cikin dare, jini ya ɓalle mata, ga ruwa ana yi, hanya ta yi laka. Aka ɗauke ta a babur zuwa wurin wani mai ɗakin magani a ƙauyen da ke kusa, ya yi mata wankin ciki. Jinin ya ragu amma bai ɗauke ba, ga zazzaɓi da ciwon mara. Bayan kamar mako uku aka sake mayar da ita wurinsa, ya sake wankewa. Daga nan ta sami sauƙi, ta tashi ta ci gaba da aikace-aikacenta, kowa ya yi hamdala. Al'adarta ta zo sau biyu, ɗan ɗigo wanda bai isa ɓata zane ba, daga nan shiru. Wata ya bi wata, babu jini, babu ciki mai girma. Sai dai duk wata takan ji mararta ta ƙulle kwana biyu ko uku, ƙirjinta ya yi nauyi, sa'an nan abin ya lafa.

Da labari ya kai ga tsofaffi ba su yi wata-wata ba, suka ce kwantacce ne. Ga wanda bai san wannan kalma ba, a wurin Bahaushe ciki yana iya samun matsala, ko zubar jini, ko firgita, ko sammu, ko taɓin iska, sai ya daina girma ya kwanta a mara. Bai mutu ba, bai kuma zube ba, yana nan har ranar da Allah ya tashe shi, ko bayan shekara nawa ne. Ciwon marar da Yaya take ji duk wata, aka ce ai motsinsa ke nan. Ina tune da maganar Inna ranar da Yaya ta zo gida tana kuka. Ta ce mata, "Ki yi haƙuri ɗiyata, cikin nan kwanciya yay yi. In Allah ya so shina tashi." Aka shiga neman maganin tayar da ciki. An sha rubutu, an sha jiƙo, an yi turare, an dafa saiwoyi da kaza, duk wanda aka ji sunansa daga Bakura har Mafara an je wurinsa.

A nan ya kamata in tsaya in yi wa wannan kalma adalci, domin ba ta samu gindin zama a banza ba. Duba sunayen da Bahaushe ya tanadar wa macen da ba ta da ɗa a hannu. Akwai wabi, wadda take haihuwa 'ya'yan suna komawa. Akwai mai yawan ɓari. Akwai mai kwantacce. Can ƙarshe kuma akwai juya, sunan da ake kiran saniya da shi a kira mutum da shi. Ukun farko ana tausaya musu, domin ko ba komai an shaida suna ɗaukar ciki. Ta huɗun ita ce abin habaici a gidan biki da bakin rijiya. Saboda haka in tsohuwa ta ce da yarinya kwantacce gare ta, mayafi ta yafa mata. Ta ba ta matsayin mai ciki a gidan miji, ta rufe bakin dangin miji, ta kuma saya mata lokaci.

Haka kuma maganar tana da tushe a littattafan fiƙihu. Malaman Malikiyya sun yi magana a kan iyakar daɗewar ciki, waɗansu suka ce shekara huɗu, waɗansu biyar, kuma wannan hukunci ya zama sutura ga zawarawa da matan da mazansu suka yi doguwar tafiya. Da yawa daga cikinmu mun ji labarin shari'ar Amina Lawal, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta sallama a watan Satumba na 2003, kuma wannan magana ta kwanciyar ciki tana cikin hujjojin da aka duba. Ni ban isa in sa baki a hukuncin malamai ba. Abin da nake cewa shi ne, aikin alƙali daban, aikin mai jinya daban. Alƙali yana neman shubuhar da zai kare mutuncin mace da ita. Mai jinya kuwa so yake ya san ainihin abin da ke cikin marar, kuma a yau gwajin fitsari na 'yan mintoci da hoton ciki sun isa su gaya masa ko akwai ciki ko babu.

Shi kuma mayafin nan ba ya daɗewa bai yage ba. A 2020 mijin Yaya ya ƙara aure, kafin shekara ta zagayo amarya ta haifi ɗa namiji. Daga ranar sunan nan ba wanda ya ƙara cewa mai kwantacce. Ba a faɗa mata a ido ba, amma tana jin ɗayan sunan a bakin yara masu tallar fura, yaro kuwa abin da ya ji a ɗaki shi yake fitowa da shi. Akwai abin da ta gaya mini wanda har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ta ce ba abin da yake tsaya mata a rai kamar watan Shawwal, lokacin da matan gidan suke ramuwar azumi. Ita ba ta da ramuwa. Azumi biyar a jere, daga 2019 zuwa 2023, ta yi su cif ba ta sha ko ɗaya ba, tana yarinya mai shekara ashirin da 'yan kai, kamar gyatumar da ta gama al'ada. An taɓa yin niyyar kai ta babban asibiti a 2021, sai ga halin tsaro ya ƙara lalacewa a yankinmu. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako a Zamfara. Manomin da ba shi da inda zai sayar da buhun shinkafa, da me zai kai mara lafiya birni? Magana ta sake kwanciya.

Zuwana karatu nan Sakkwato ne ya buɗe ƙofa. Allah ya haɗa ni ɗaki ɗaya da wata ɗaliba mai karatun jinya da ungozoma. Wata rana muna hira a kan aikin da aka ba mu na tattara kalmomin da suka shafi ciki da haihuwa, na kawo mata kalmar kwantacce, na ba ta labarin Yaya a matsayin misali. Ba ta tanka maganar kalmar ba, sai ta tambaye ni sau nawa aka yi wankin cikin, kuma yaushe jinin ya ɗauke. Da na gaya mata sai ta ce, "Ki sa a kawo ta asibiti. Ina zaton ba ciki ne ya kwanta ba." Sai da aka yi wata huɗu ana kai gwauro ana kai mari tsakanin gidanmu da gidan mijinta kafin a amince. A tsakiyar 2023 Yaya ta sauka tasha da ƙunshin kayanta, muka nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Likitar matan da ta gan mu ta daɗe tana tambayoyi kafin ta taɓa ta. Ta tambayi yadda al'adar take kafin ɓarin da bayansa. Ta tambaya ko ta zubar da jini mai yawa har ta suma, ko nono yana fitar da ruwa, domin akwai waɗansu cututtuka na wani ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa waɗanda su ma suke ɗauke al'ada. Ta tambaya ko akwai mai tarin fuka a gidan, domin ƙwayar cutar takan sauka mahaifa ta lalata ta. Da ta ji daga inda muka fito sai ta tambaya ko Yaya tana wanki ko wanka a magudanan ruwan Bakolori, ko ta taɓa fitsarin jini. Ashe tsargiya, wadda a wajenmu ake ɗauka ciwon yara maza ne masu iyo, tana kama al'aurar mace da bakin mahaifa da hanyoyin ƙwai, har ta hana haihuwa.

Aka yi gwajin ciki, babu. Aka yi hoton ciki, ba a ga ɗa ba, rayayye ko matacce. Gwajin jini ya nuna ƙwayayenta suna aiki lafiya lau. Sa'an nan aka ba ta waɗansu ƙwayoyi na 'yan makonni, irin waɗanda in mace mai lafiyayyar mahaifa ta sha ta daina tilas jini ya zo. Jini bai zo ba. Likita ta ce to, yanzu an san inda ɓarakar take, saura a gani da ido. Sai aka tura mu ɗaukar wani hoto da suke kira HSG. Ana ɗura wani ruwa na musamman ta bakin mahaifa, a ɗauki hoto irin na ƙashi, duk inda ruwan ya shiga ya fito fari. A mace mai lafiya za a ga fili mai kusurwa uku, da siraran zare biyu dama da hagu, watau hanyoyin ƙwai. A hoton Yaya ruwan ya shiga ƙasa kaɗan, ya yi rassa nan da can kamar zanen da gara ta ci, sauran wurin duk duhu.

Bayanin da aka yi mana, wanda daga baya na bi littattafai na ƙara fahimtarsa, shi ne wannan. Mahaifar da ba ta ɗauke da ciki 'yar ƙarama ce, tsawonta bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba, kuma cikinta ba rami ba ne kamar na tulu. Bangon gaba da na baya suna jingine da juna kamar tafin hannu biyu. Abin da ya hana su haɗewa shi ne wata shimfiɗa mai laushi mai hawa biyu. Hawan sama shi ne yake kauri duk wata domin ya karɓi ciki, in ciki bai samu ba ya zube, shi ne jinin al'ada. Hawan ƙasa shi ne tushe, daga gare shi na saman yake sake tsirowa. Misalinsa kamar ciyawar fadama ce. In ka yanke ta da lauje za ta sake tohowa, in kuwa ka sa fartanya ka kwashe ta da saiwarta sai wurin ya zama faƙo. Mahaifar da ta fito daga ɓari ko haihuwa tana da taushi ƙwarai. In aka sa ƙarfe aka kankare ta da ƙarfi, balle a maimaita, balle kuma ga ƙwayar cuta ta shiga, sai tushen ya tafi. Bango biyu masu rauni suna jingine da juna, sai su warke a manne, kamar yadda yatsun yaron da ya ƙone sukan haɗe in aka naɗe su tare. Daga nan babu abin da zai zube a matsayin al'ada, babu kuma inda ciki zai zauna. Su kuwa ƙwayayen ba abin da ya same su, suna ta aikinsu duk wata. Wannan shi ne ciwon mara da nauyin ƙirjin da aka fassara mana da motsin kwantacce.

Ciwon ba sabo ba ne a wurin likitoci. Wani likitan Jamus, Heinrich Fritsch, ya ba da labarinsa tun 1894. A 1948 wani likitan mata mai aiki a Tel Aviv, Joseph Asherman, ya rubuta bayanin mata 29 masu irin wannan hali, shi ya sa har yau ake kiran ciwon da sunansa. A 1982 waɗansu likitoci biyu, Schenker da Margalioth, suka tattara labarin mata fiye da 1,800 masu ciwon, suka tarar wajen tara cikin goma sun same shi ne bayan kankarar mahaifa da aka yi musu sanadiyyar ɓari ko zubar da ciki ko haihuwa. A littattafai ana lissafa shi cikin cututtukan da ba su cika faruwa ba, musamman irin mai tsananin da yake ɗauke al'ada gaba ɗaya. Amma a ƙasar da mace takan yi ɓari nesa da asibiti, kuma wanda bai koyi aikin ba yake riƙe da ƙarfen, ba abin mamaki ba ne in an fi samunsa.

Hoton nan shi ya yi mana aikin da baki ya kasa. Da aka kai wa mijin Yaya, abokiyar ɗakina ta zana masa yadda lafiyayyen yake a takarda, ya ɗora su kusa da juna ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Ashe rauni na. To, rauni ai ɗunki akai mai, ba rubutu ba." Ya sayar da bijimi ɗaya daga cikin na huɗarsa. Zan faɗa domin a shaida, mutumin bai taɓa wulaƙanta ta ba, abin da aka gaya masa ne ya riƙe, kamar yadda ya riƙe wannan da aka nuna masa.

A ƙarshen 2023 aka yi mata aiki a wani asibiti a Kano inda suke da na'urar leƙa mahaifa. Siririn bututu ne wanda bai fi kaurin alƙalamin biro ba, mai fitila da kyamara a kansa. Ba a yanka ciki. Ta bakin mahaifa ake shigar da shi, a sa ruwa ya buɗa wurin, likita yana kallo a allo, yana bi da ɗan ƙaramin almakashi yana yanke tabon da ya haɗa bangon biyu. Da aka gama sai aka bar mata wata 'yar roba mai balan-balan a ciki har kwana goma, don kada bangon su sake haɗewa, aka kuma ba ta ƙwayoyin da za su taimaka wa sauran tushen ya tsiro. A asibitocin da ba su da wannan na'ura, da lalube ake raba mannewar, sa'an nan a sa roba ko zoben tazarar haihuwa. A 2003 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin suka buga sakamakon gwada hanyoyin biyu. Matan da aka sa wa robar balan-balan, wajen kashi 81 cikin 100 al'adarsu ta dawo daidai, masu zobe kuwa wajen kashi 63. Amma ko a cikin masu robar, wajen ɗaya cikin uku ne suka sami ciki.

Wannan lissafi na ƙarshe likitan bai ɓoye mana irinsa ba. Ya ce tabon yakan dawo, shi ya sa bayan wata biyu aka sake leƙawa aka yanke ɗan abin da ya sake kamawa. Ya ce dawowar al'ada ba ita ce samun ciki ba, abin ya danganta da yawan tushen da ya rage. Ya kuma ja kunnenta, in Allah ya kawo cikin kada ta kuskura ta haihu a gida, domin a irin wannan mahaifa mabiyiya takan kafe ta ƙi fita, jini ya ɓalle. A azumin 2024 Yaya ta sha kwana huɗu. Ta bugo mini waya tana dariya tana kuka, ta ce, "Auta, bana ni ma ina da ramuwa." Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu ba ta sami ciki ba. Muna nan muna roƙon Allah. Amma ta san abin da ke damunta, ta san ba maita ba ce, ba iska ba ce, ba kuma haka aka halicce ta ba.

Yanzu bari in dawo ga abin da ya shafe mu, mu ɗaliban harshe. Kalmomi uku na lura da su a cikin wannan tafiya, kowacce ta taka rawa. Ta farko ita ce kwantacce, na riga na yi bayaninta. Aibinta ɗaya, umurnin da ke cikinta shi ne a jira. Ta biyu ita ce wankin ciki. Duk wanda ya ji wanki, ruwa da sabulu ne za su zo masa a rai, tsabta ce, wa zai ƙi ta? Shi ya sa za ka ji macen da ta yi shekara biyu ba ta sami ciki ba ta ɗauki kuɗinta da kanta tana neman inda za a yi mata wankin mahaifa, wai ko datti ne ya tare. Da sunan aikin kankarar mahaifa ne a bakin kowa, da ta yi tunani sau biyu. Kada a fahimce ni a baibai. In mace ta yi ɓari, saura ya maƙale, kwashe shi ceton rai ne, ƙin yi yana kisa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ba da shawarar a bar kankara da ƙarfe, a koma ga zuƙewa da sirinji na musamman ko amfani da ƙwayar magani, a hannun wanda ya koyi aikin. Mace ko mijinta suna da ikon su tambaya da me za a yi, kuma wa zai yi.

Kalma ta uku ita ce mahaifa kanta. Da ita muke kiran inda ɗa yake kwanciya, da ita waɗansu suke kiran mabiyiyar da ke fita bayan haihuwa, da ita kuma muke kiran garin da aka haifi mutum. Da na gaya wa wata gwaggona mahaifar Yaya ce ta manne, sai ta ce, "Wace mahaifa kuma, ba tun ran ɓarin ta hita ba?" Sai da na ɗauko jakar fata na manne bakinta da cikinta na nuna mata, sa'an nan ta gane. Likitan da zai yi wa 'yar ƙauye bayani cikin minti biyar, ga layi yana jiransa, ba shi da lokacin neman jakar fata. Aikinmu ne mu tanadar masa kalmomin.

An taɓa yin irin wannan aka kuma ci nasara. Yoyon fitsari suna ne da duk wanda ya ji shi ya ga ciwon a idonsa. Tun shekarun 1980, lokacin da Dokta Kees Waaldijk ya fara ɗinkin matan a Babbar Ruga ta Katsina, sunan ya bi rediyo da wasan kwaikwayo ya shiga ƙauyuka, har ya zama mace ta san ciwon yana da magani, ta kuma san inda za ta nufa. Sunan Asherman kuwa ba zai taɓa zama a bakin Inna ba, in ma ya zauna ba zai gaya mata komai ba. Ni shawarata a kira shi mannewar mahaifa. In malamaina suna da wanda ya fi shi, bismilla, muddin dai tsohuwa za ta ji shi ta gane rauni ne, rauni kuwa asibiti ake kai shi.

Bugu da ƙari, ya kamata mu rage wa kalmar juya kaifi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna wajen mutum ɗaya cikin shida a duniya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, maza da mata, masu kuɗi da talakawa. Likitoci kuma sun tabbatar sau da yawa matsalar daga namijin take, ko daga su biyun. A ƙarƙashin wannan kalma guda mun tara cututtuka iri-iri, na toshewar hanyar ƙwai, da na ƙari, da na rashin fitar ƙwai, da wannan na mannewa, kowanne da hanyar gane shi da irin aikinsa. Muddin suna ɗaya muke kiransu da shi, magani ɗaya za mu yi ta ba su, watau haƙuri.

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, in mun koma gida hutu, mu sa kunne. Kusan kowannenmu yana da ya, ko gwaggo, ko matar wa, wadda ake cewa tana da kwantacce. Tambaya biyu kawai za a yi mata, ko a sa wata mace ta yi mata: an taɓa yi miki wankin ciki, ko an sa hannu an ciro mabiyiya bayan haihuwa? Daga nan ne jinin ya ragu ko ya ɗauke? In ta ce i, kuma ba shayarwa take yi ba, to, a taimaka mata ta ga likitan mata a Gusau ko Sakkwato ko inda ya fi kusa, tun shekarunta na haihuwa ba su tafi ba, domin su ƙidayayyu ne. Ba sai an yi musu da tsofaffi ba, ba sai an hana ta addu'a ba. A ce da su a je a ɗauki hoton kwantaccen a ga yadda ya kwanta. Ba na jin akwai kakar da za ta ƙi wannan.

Ga ƙungiyarmu kuwa, ina ba da shawarar mu nemi 'yan'uwanmu na kwalejin likita mu zauna tare, su kawo cututtukan mata, mu kawo kalmomi, mu fitar da ɗan littafi ko da mai shafi ashirin ne, wanda ungozoma a Bakura ko Maradun za ta iya karanta wa matan da ke zaune a benci ranar awo. In mun yi haka, karatun Hausar da ake tambayarmu me za mu yi da shi ya ba da amsa da kansa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, ya kuma kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.